Shagon garinku ya daina sayar da 'yan kwikwiyo da kyanwa? Ga yadda zaka bi

In kana zaune a Amurka kuma yara sun sakoka gaba da zancen sai an sayo musu kyanwa ko ɗan kwikwiyo, akwai yiwuwar ka riga ka sha wannan mamakin. Ka shiga shagon dabbobi, wanda da can daga bakin ƙofa kake hango 'yan kwikwiyo a bayan gilashi suna ta tsalle suna lasar gilashin, yanzu sai buhunan abinci da sarƙoƙi da kayan wasa, ka tambayi yaron shago ina karnukan yace maka ai doka ta hana. To ba ƙarya yake ba. Garuruwa da gundumomi sama da 400 a ƙasar sun kafa dokar hana shaguna sayar da karnuka da kyanwoyin da aka kiwata don kasuwa, wasu jihohin ma gaba ɗayansu suka ɗauka.

Abinda mutane da yawa basu gane ba shine dokar bata hana ka mallakar dabba ba, bata hana ka saya ba ma. Ƙofa ɗaya tak ta rufe, ƙofar shago. Su kuma masu sana'ar ba barci suke ba, an rufe ƙofa sun koma taga, wato intanet da ƙungiyoyin ceto na bogi da wajen fakin ɗin mota. Don haka aikin tantancewa ya dawo kanka kai mai saye.

Bari na ɗan faɗi dalilin dokar tukuna, don in baka san shi ba sauran maganar bazata zauna maka ba. Ɗan kwikwiyon da ke shago ba a shagon aka haifeshi ba, yawanci ma ba a jihar ba. Daga manyan gonakin kiwo yake fitowa, irin waɗanda suka yi yawa a jihohin tsakiyar ƙasar, Misuri ce kan gaba, sai su Ayowa, Ohayo, Indiyana, Kansas. Mai gona ya sayar wa dillali, dillali ya loda su a mota ya yi kwana da kwanaki a hanya ya rarraba wa shaguna. Uwar kuwa tana can cikin keji, ta haihu a kwashe, ta sake ɗaukar ciki, haka har ƙarfinta ya ƙare. Kuma abin da zai baka haushi, mafi yawan wannan halal ne a dokar tarayya. Dokar kula da dabbobi ta 1966, wadda ma'aikatar noma ta USDA ke aiwatarwa, cewa tayi a auna tsawon kare daga hanci zuwa gindin wutsiya a ƙara inci 6, shine faɗi da tsawon kejin, sannan a bar inci 6 a saman kansa. Kaga karya mai tsawon inci 24 kejin inci 30 kowane gefe ya wadatar kenan a takarda, kuma babu iyakar sau nawa za'a sa ta ta haihu. Shi yasa in mai shago ya buga ƙirji yace maka ai namu daga masu lasisin gwamnati suke, kada abin ya burgeka, lasisin nan mafi ƙarancin sharaɗi ne kawai.

Garin Albuquerque a jihar New Mexico ne ya fara cikin manyan garuruwa, a 2006. Los Anjalis ta bi a 2012, Shikago a 2014, Boston da Filadelfiya a 2016, daga nan abin ya zama kamar wutar daji.

Fara da sanin dokar inda kake

Wannan shine matakin da kowa ke tsallakewa kuma shine mai sauƙi. Hawa uku zaka duba, jiha, gunduma, sai gari, don a Amurka kowannensu na iya yin tasa dokar kuma ba lallai su yi daidai da juna ba.

Jiha tukuna. Kalifoniya ce ta fara, gwamna Jerry Brown ya sa hannu a Oktoban 2017 ta fara aiki 1 ga Janairun 2019. Merilan ta fara aiki da tata a farkon 2020, Ilinoi a 2022, Niyok kuwa gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a Disambar 2022 amma aka baiwa shaguna shekara biyu su kimtsa, sai 15 ga Disambar 2024 ta fara ci, kuma ta haɗa har da zomaye. Maine da Washinton da Oregon suma suna da tasu, sai dai su sun ɗaga wa tsofaffin shaguna ƙafa, wanda yake sayarwa tun kafin dokar aka barshi, sabo ne ba'a yarda ya buɗe ba. In a ɗaya daga cikin waɗannan kake to aikinka ya ragu.

In jiharku bata da doka sai ka sauko gari. Kusan kowane gari ya zuba kundin dokokinsa a intanet, da yawa suna kan shafukan Municode ko eCode360, ka shiga ka nemi sunan garinku, ka buɗe babin dabbobi, ka rubuta pet shop a wajen bincike. In Turancin lauyoyi ya cazama maka kai, kira ofishin kula da dabbobi na gari ko ofishin magatakardan gari, a manyan birane ma 311 kawai zaka danna, ka tambayesu kai tsaye ko shago na da izinin sayar da kare da kyanwa a nan. Ka tambayi ta gunduma ma, musamman in gidanku yana wajen iyakar gari, don akwai wanda adireshinsa ke ɗauke da sunan birni amma a hukumance dokar gunduma ce ke kansa.

Sai kuma wani juyi da ke rikita mutane. Akwai jihohin da suka yi akasin haka, wato majalisar jiha ta ƙwace ikon daga hannun garuruwa. Finiks ta kafa tata dokar a 2013, sai jihar Arizona ta zo a 2016 ta soke. Ohayo ma haka tayi a 2016, Indiyana kuma a 2024. Saboda haka in ka karanta wani tsohon labari yace garin kaza ya hana, kada ka rantse a kai, duba ko jiha bata taka dokar ba daga baya.

Idan ka samo dokar, ba sai ka karanta duka ba, ga abinda zaka nema. Wasu dabbobi ta shafa, kare kaɗai ko da kyanwa ko har zomo. Shin ta yarda shago ya sayar da dabbar da ya karɓo daga gidan ajiye dabbobi, ko kuwa wuri kawai zai bayar masu ceton su kawo da kansu. Wannan bambancin ƙarami ne a ido amma shine ramin da ɓarna ta bi ta shiga, zan zo kansa. Sannan ko an ɗaga wa tsofaffin shaguna ƙafa, da kuma nawa ne tarar. A Niyok misali tana kaiwa dala 1,000 kan kowane laifi.

To ina zaka samu dabbar

Hanya uku ce halaliya. Gidan ajiye dabbobi na gari ko gunduma, wanda ake ce wa shelta, ƙungiyar ceto, sai mai kiwo da zaka je gidansa da ƙafarka.

In kyanwa kake so ni dai ban ga dalilin wahalar da kai ba, tafi shelta. Daga bazara zuwa ƙarshen lokacin zafi 'yan kyanwa cika musu wuri suke har su rasa inda zasu sa, wani lokacin ma rage kuɗin suke ko su ce ka ɗauki biyu a kuɗin ɗaya. Kuma abin da zaka biya yawanci ya haɗa da aikin hana haihuwa, allurar rigakafin farko, maganin tsutsar ciki da maikurocip, 'yar na'urar nan kamar ƙwayar shinkafa da ake sawa ƙarƙashin fata mai ɗauke da lamba, wadda in dabba ta ɓata da ita ake gano mai ita. In da kanka zakaje asibiti kayi waɗannan ɗaya bayan ɗaya sai ka kashe fiye da haka. Ka tafi da katin shaidarka da wata takarda mai adireshinka, in haya kake ka fara karanta yarjejeniyar gidan ko ka samo izinin mai gida a rubuce, don zasu tambaya, wasu har waya suke bugawa mai gidan. Kada kaji haushi in sun tsareka da tambayoyi, awa nawa kake yi a wajen aiki, akwai ƙananan yara, akwai katanga a bayan gida, so suke kada ka dawo musu da ita bayan sati biyu.

Shafukan Petfinder da Adopt-a-Pet suna tattaro dabbobin shelta da na ƙungiyoyi, ka sa lambar unguwarku su nuna maka na kusa. Manyan shagunan kayan dabbobi ma suna baiwa ƙungiyoyi wuri ranar Asabar ko Lahadi su kawo nasu, wannan doka ta yarda dashi, asali ma shi take so. Bambancin shine kuɗin ƙungiyar zaka baiwa, takardar ma sunan ƙungiyar ne a kai, ba na shagon ba.

Kura da fatar akuya

Nan ne nake so ka nutsu. Da Shikago da Kalifoniya suka ce shago na iya sayar da kare in dai daga ƙungiyar ceto ya fito, sai wasu dillalai a Ayowa suka ce ai abu ya zo da sauƙi, suka je suka yi rajistar ƙungiyoyin ceto a takarda, 'yan kwikwiyon gona ɗin nan dai su ne, a bi dasu ta sunan ƙungiya a kai shago a maƙala musu takarda cewa cetosu akayi, a sayar dala dubu biyu dubu uku. Wata jarida a Shikago ta tono zancen a 2018, a 2019 babban lauyan jihar Ayowa ya maka su a kotu. Dole Kalifoniya ta sake zama ta gyara, daga 1 ga Janairun 2021 shago baya sayarwa kwata-kwata, wuri kawai zai bayar, dabbar sai an mata aikin hana haihuwa, kuma duk kuɗin da ƙungiya zata karɓa kada ya wuce dala 500. Shikago ma ta toshe nata ramin a 2021.

To yaya zaka gane ta bogi? Ƙungiyar gaskiya abin da Allah ya kawo take karɓa, zaka ga tsoho da yaro, mai ido ɗaya, mai ɗingishi, gauraye iri-iri da ba'a san ubansu ba. In ka ga ƙungiya kullum 'yan sati takwas take dasu, duk masu tsadar nan da ake yayi, su Faransi buldog da pudul da 'yan ƙananan nan masu gashi kamar auduga, kuma bata taɓa yankewa, to da walakin. Wa yake zubar da ɗan kwikwiyon dala dubu uku a titi duk sati? Sannan ƙungiyar gaskiya ita ke maka tambayoyi har ka gaji, ta bogi kuwa katin banki kawai take tambaya. Ka ce su gaya maka daga ina wannan ɗin ya fito, wace shelta, wane gari, wa ya riƙeshi kafin yau. Mai gaskiya labarin na bakinsa, maƙaryaci sai kame-kame. Rajistar ƙungiya mara neman riba zaka iya dubata a shafin hukumar haraji ta IRS, amma ka sani waɗancan na Ayowa ma suna da rajista, don haka ita kaɗai bata wanke kowa ba.

In sai wani iri na musamman kake so

Ba laifi bane, wani yana son kare mai gadi, wani mai ƙaramin jiki saboda ɗaki ɗaya yake. Dokokin nan basu hana mai kiwo ya sayar maka hannu da hannu ba. Sharaɗin da zaka kafa wa kanka ɗaya ne kuma duk sauran bayansa suke: sai ka ga uwar, tare da 'ya'yanta, a inda suke kwana. Ba hoto ba, ba bidiyon da aka turo maka ba. Gani ya kori ji.

In kaje ka lura da ita sosai fiye da 'ya'yan, don 'yan kwikwiyo ko a ina suna da kyau, uwar ce ke tona asiri. Nononta ya nuna ta shayar kwanan nan? 'Ya'yan suna binta tana kulasu, ko kuwa wata karya ce aka aro aka ajiye don kai, tana gefe ko kallonsu bata yi? Tana sakin jiki da mai gidan ko tana maƙurewa a lungu in ya matso? Hancinka ma zai taimakeka, warin fitsarin da ya daɗe baya ɓuya. In kana jin haushin karnuka da yawa daga wani rumbu a baya kuma aka ce ba'a shiga can, ka riga ka samu amsa.

Uzurin da zaka ji kusan iri ɗaya ne ko ina. Uwar tana asibiti, uwar tana gidan 'yar uwata, muna gyaran gida bari na kawo maka shi gidan mai ko wajen fakin ɗin babban kanti don na rage maka hanya. Duk wanda ya rage maka hanya irin wannan ba don Allah yayi ba, wallahi juyawa zakayi. Kuma nasan abin da ke faruwa, ka ga ɗan abin yana rawar sanyi a kwali tausayi ya kamaka kace bari na saya na ceceshi. Kuɗin nan da ka bayar shi zai sa a sake sa uwar ta haihu, gara ka ɗauki lambar motar ka kira hukuma.

Kada ka karɓi wanda bai kai sati 8 ba, jihohi da yawa ma laifi ne sayar dashi, kyanwa kuwa masu kiwon kirki sukan riƙe har sati 12. Ka nemi katin rigakafi mai sunan asibiti da sa hannun likita da kwanan wata, ka kira asibitin ka tabbatar sun san dabbar. Ka tambayi gwajin lafiyar iyayen, irin na ƙugu da ido da zuciya, na karnuka ana iya dubawa a rumbun OFA, wata gidauniya mai ajiye sakamakon gwajin a intanet, da sunan kare ko lambarsa. Takardar AKC kuwa, wato ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, da ake ta ɗagawa kamar digiri, rajistar asali ce kawai, tana cewa uwarsa wance ubansa wane, bata ce lafiyarsa ƙalau ba kuma bata ce an riƙeshi da kyau ba. Mai kiwon kirki iri ɗaya ko biyu yake yi, sau da yawa sai ka shiga layi ka jira watanni, kuma zai rubuta a yarjejeniya cewa in ka kasa riƙewa ka dawo masa da abinsa ko bayan shekara nawa ne. Wanda ke da iri goma kuma kowanne akwai a ƙasa yau yau, shago ne ba allo.

Cinikin biri a sama

Intanet kashi biyu ne. Akwai waɗanda kare na nan da gaske amma daga gonakin nan yake, an dai yi shafi mai kyau da hoton yara a kan ciyawa. Akwai kuma waɗanda babu karen ma sam. Su na biyun salonsu sananne ne, farashi mai araha, ka tura kafin alƙalami, gobe a ce kamfanin jigila na son kuɗin keji mai na'urar sanyaya, jibi inshora, gata an tsareshi a filin jirgi in baka biya ba za'a kamaka da laifin wulaƙanta dabba. Duk ƙarya. In aka ce ka biya da katin kyauta ko Zelle ko Western Union ko kirifto, to kuɗin in ya tafi ya tafi. Ka ɗauki hoton ka sa a binciken hoto na Google, sau da yawa zaka ganshi a shafi biyar da suna biyar. Ka nemi kiran bidiyo kai tsaye, kace a ɗaga ɗan kwikwiyon kusa da uwarsa a kira sunanka. In an riga an cuceka kai ƙara FTC, hukumar kare masu saye ta tarayya, da bankinka da wuri.

Ka riƙe wannan ma, tun 2013 duk mai kiwon da ke da mata masu haihuwa fiye da 4 kuma yana sayarwa ba tare da mai saye ya ga dabbar ido da ido ba, dole ya mallaki lasisin USDA. Wanda zai turo maka ta jirgi yace shi baya buƙatar lasisi, ka tambayeshi karya nawa gareshi.

In ka tsallaka inda shago ke sayarwa

Wasu zasu ce ai garin gaba ko jihar maƙwabta ana sayarwa, minti talatin ne a mota. Gaskiya ne kuma ba wanda zai kamaka. Ni bazan baka shawarar ba, amma in ka nace to kada ka shiga da ka. Ka nemi sunan mai kiwon da garinsa da lambar lasisinsa, da na dillalin in akwai, lasisin mai kiwo ajin A ne na dillali ajin B. Ka shiga shafin binciken APHIS, reshen USDA mai duba gonakin, ka karanta rahoton masu dubawa, zaka ga adadin karnukan da aka ƙirga a gonar da laifukan da aka rubuta. An taɓa sauke rahotannin nan daga intanet a Fabrairun 2017 aka yi ta rigima, daga baya majalisa ta sa aka maido. Shagon da ya hanaka sunan mai kiwo kafin ka biya, fita kawai.

Ka wanke hannu bayan ka taɓa su, ba wasa nake ba. Tsakanin 2016 da 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta bi sawun wata cutar gudawa, kamfilobakta, wadda ta kama sama da mutum 100 a jihohi da dama, aka gano daga 'yan kwikwiyon shago take, kuma bata jin magungunan da aka saba bayarwa.

Sai batun biya kaɗan-kaɗan, nan ne ake yanka mutane. Za'a ce maka dala kaza ne kawai a wata, ka sa hannu a kwamfutar hannu baka karanta ba, ashe bashi ne mai kuɗin ruwa na fitar hankali, ko ma haya ce, karen na kamfani ne har sai ka gama biya. Kalifoniya da Nebada da Niyok sun haramta hayar dabba irin wannan, amma ba ko ina ba. Ka ce a rubuta maka jimillar abin da zaka biya daga farko har ƙarshe, lamba ɗaya.

Jihohi kusan ashirin suna da dokar da ke kare wanda ya sayi dabba mara lafiya. A Fulorida misali kwana 14 gareka in cuta ce, shekara guda in ta gado ce, likita ya rubuta shaida sannan ka zaɓi a maida maka kuɗi, a canza maka, ko a biya kuɗin magani. Kwanakin nan gudu suke, kuma dokar jihar da ka saya ce ke aiki ba ta inda kake kwana ba.

Na Ingila da Faransa a gurguje

A Ingila tun 6 ga Afrilun 2020 ba shago kaɗai ba, duk wani ɗan tsakiya an hanashi sayar da ɗan kwikwiyo ko 'yar kyanwa da basu kai wata 6 ba, sai dai ka samo daga wanda ya kiwata ko daga gidan ceto, shikenan. Ana kiranta dokar Lucy, sunan wata karya da aka ceto daga gonar kiwo a Wales a 2013. Can mai lasisi dole ya nuna maka uwar kuma ya sa lambar lasisinsa a talla, sai ka kira ƙaramar hukumar da ta bashi ka tabbatar. Faransa ta hana shaguna daga 1 ga Janairun 2024, kuma akwai takardar alƙawari da zaka sa wa hannu ka jira kwana 7 kafin a miƙa maka dabbar, don kada zumuɗin rana ɗaya ya ɗebeka.

Masu shaguna a Amurka fa suna da tasu maganar kuma ba duka ce banza ba. Cewa suke an bar jaki ana dukan taiki, gonakin suna can suna aiki, su da suke a fili ana iya dubasu aka rufe, ciniki ya koma inda ba mai gani. Sun je kotu sau da dama, ta Shikago har kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a 2017, yawanci basu yi nasara ba. Rabin maganarsu na yarda da ita, ciniki ya koma intanet ɗin da gaske. Sai dai gari bashi da iko da gonar da ke wata jiha, abin da ke cikin iyakarsa kawai zai iya taɓawa, wato shagon.

In ka ga shago na sayarwa a inda aka hana, ɗauki hoton kejin da takardar farashi da sunan ƙungiyar da suka maƙala, ka rubuta rana da lokaci, ka kai ofishin kula da dabbobi na gari, in dokar jiha ce kuma ofishin babban lauyan jiha. In garinku ne ke shirin kafa dokar, zaman majalisar gari a buɗe yake, ana sa ajanda a shafinsu kwanaki kafin zama, ka rubuta sunanka a baka minti biyu ko uku ka faɗi ra'ayinka ko goyon baya ko akasi, kuma ba'a tambayar takardar zama ɗan ƙasa kafin kayi magana.

Ranar da ka kawo dabbar gida, ko daga ina ta fito, ka riga ka kama layin likita cikin kwana biyu zuwa uku, wasu yarjejeniyoyin ma sun sharɗanta haka in ba haka ba garantin ya faɗi. Ka tafi da ɗan kashinta a leda a duba tsutsa, a karanta maikurocip a tabbatar lambar tayi daidai da ta takarda, sannan ka shiga shafin kamfanin ka maida rajistar sunanka da lambar wayarka, mutane da yawa suna mantawa da wannan. Ɗan kwikwiyon da bai gama alluransa ba, wato kafin wajen sati 16, kada ka kaishi dandalin karnuka saboda farbo, wata cutar hanji mai kashe 'yan kwikwiyo, in kaga amai da gudawa mai jini da ƙin cin abinci kada ka jira gari ya waye. Allurar haukan kare da lasisin riƙe kare na gari suma ka tambayi likitan, yawancin garuruwa sai da shaidar allurar suke bada lasisin. Rasit, yarjejeniya, katin rigakafi, hoton tallar da ka gani da duk saƙonnin da kukayi da mai sayarwa, ka haɗa su a fayil ɗaya ka ɗauki hotonsu a waya.